Ɗaga Ƙarfe A Kafancan: Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka

Garin Kafancan, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Jema'a a kudancin Jihar Kaduna, gari ne da ƙarfe ya raya. Tun cikin 1927, lokacin da hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Fatakwal ta iso nan, ta rabu biyu, reshe ɗaya ya nufi Kaduna ɗaya kuma ya hau Jos, garin ya zama mahaɗar jama'a daga kowace kusurwa ta Nijeriya. Leburorin da suka shimfiɗa wannan hanya ba su taɓa ɗaga dogon ƙarfen dogo da ɗai-ɗai ba. Sukan jeru ne, mutum guda ya ba da murya, su ɗaga tare, su ajiye tare, domin kowa ya san in ɗaya ya saki, ƙafar ɗan'uwansa ce za ta tafi.

Yau jiragen sun yi ƙaranci, amma samari ba su rabu da ƙarfe ba. Kamar yadda ake yi a sauran garuruwan ƙasar nan, sukan sami bututun ƙarfe, su kwaɓa siminti su zuba a manyan gwangwanaye biyu, su kafa shi a tsakani, ko kuwa su haɗa tsofaffin ƙarafan mota. Da asuba ko da yamma a fito da shi bayan gida, a kwanta bisa benci a yi ta ɗagawa. Abin a yaba ne, gama Hukumar Lafiya ta Duniya ma, cikin shawarwarin da ta fitar a 2020, ta ce ya kamata baligi ya yi aikin ƙarfafa tsokar jiki aƙalla kwana biyu a mako. Tambayar da muke so mu duba ita ce: mutum ya ɗaga shi kaɗai, ko kuwa ya nemi aboki?

Masu son kaɗaici suna da hujja. Manomin citta ko ɗalibin Kwalejin Ilmi ta Gidan Waya ba shi da lokacin jiran wani. In ya tashi ya yi abinsa, ya ɗauki nauyin da ya san jikinsa zai iya, ba mai yi masa dariya, ba wanda zai ɓata masa lokaci da hira. Akwai kuma ɗagawar da ba ta bukatar kowa. Wanda ya sunkuya ya ɗago ƙarfe daga ƙasa zuwa cinya, in ya ji ya fi ƙarfinsa sai ya sake shi kawai. Haka ma a gasar Olimfik, inda Ruth Ogbeifo ta ciwo wa Nijeriya lambar azurfa a Sidni cikin 2000, ba mai tsayawa kusa da mai ɗagawa, don an koya masa yadda zai yar da ƙarfen ya kauce, faifan kuma an lulluɓe su da roba.

To, amma ɗagawar da samarinmu suka fi so ita ce ta kwance, wadda ke faɗaɗa ƙirji, ita ce kuwa mai haɗarin gaske. A nan ƙarfen yana bisa ƙirji da maƙogwaro, mutum kuma ba shi da hanyar gudu. Tsoka ba ta yin sallama kafin ta gaji. Mutum na iya ɗagawa sau bakwai lafiya, a na takwas hannu ya tsaya cik a tsakiyar hanya, ƙarfen ya soma dawowa ƙasa. A manyan gidajen motsa jiki akwai sandunan tsaro da ke tare ƙarfe, faifan nauyin kuma ana iya karkatar da su su zame. Simintin da aka kafe a jikin bututu kuwa ba ya zamewa. Saboda haka wanda ya kwanta a ƙarƙashinsa shi kaɗai, cikin ɗaki ko bayan gida da asuba, ya jingina ransa ne ga sa'a.

Mai karatu ya dubi gwanayen duniya. A gasar naƙasassu ta duniya da aka yi a Riyo, ƙasar Brazil, cikin 2016, 'yan Nijeriya sun ci lambobin zinariya 6 a wannan ɗagawa ta kwance, cikinsu har da Lucy Ejike da Paul Kehinde. Duk ƙarfin waɗannan zakaru, ba a barin ɗayansu ya kwanta sai da mataimaka tsaye a gefen bencin, hannuwansu a shirye. In zakaran duniya bai raina mataimaki ba, ina dalilin yaron da ya fara jiya?

Ban da tsaro, aboki yana ƙara ƙwazo. Wani masani Bajamushe, Otto Köhler, ya gwada wannan cikin 1926 da matuƙan kwalekwale na birnin Balin. Ya sa kowa ya yi ta ɗaga nauyi shi kaɗai har ya gaji, sa'an nan ya haɗa su biyu-biyu a kan nauyi guda. Sai ya ga wanda ya fi rauni yana daurewa fiye da yadda ya yi shi kaɗai, don ya san in ya gaza su duka sun gaza. Amma ya lura wannan ya fi faruwa in tazarar ƙarfinsu matsakaiciya ce. In ɗaya ya yi wa ɗaya fintinkau, sai ƙaramin ya karaya.

Yawa kuwa ba kullum yake da amfani ba. Bafaranshen nan Max Ringelmann, masanin aikin gona, ya bayyana cikin 1913 cewa in mutane suka yi yawa a kan jan igiya, kowa sai ya rage ƙoƙarinsa. Duk wanda ya taɓa zuwa gayya ya san haka: kullum akwai mai laɓewa a bayan 'yan'uwa. Samari goma a kan ƙarfe guda, rabin lokacin hira ce, sauran rabin kuma gasar nuna isa. A irin wannan taro ne ake zuga yaro ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa, ya tashi da ciwon baya ko targaɗen kafaɗa. A nan ne kuma wani kan miƙa masa ƙwayar tiramol da sunan maganin gajiya. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Shawararmu ga samari ita ce, kowa ya nemi aboki guda ko biyu, waɗanda ƙarfinsu bai yi nisa da nasa ba, masu cika alkawarin lokaci. Mai taimako ya tsaya ta wajen kan mai ɗagawa, idonsa a kan ƙarfe, wayarsa a aljihu. Su yi magana tun kafin a fara: sau nawa za a ɗaga, da wace kalma za a nemi agaji. A kai simintin wurin masu sikeli a auna kowane gefe, domin in ɗaya ya rinjayi ɗaya, kafaɗa ce za ta biya. Ranar da aboki bai zo ba, a bar ɗagawar kwance da ta tsuguno da ƙarfe a wuya, a koma ga ƙananan nauyi na hannu ɗai-ɗai, a kuma tsaya tun da sauran ƙarfi. Kada a riƙe numfashi da tsawo, gama yana kawo jiri. Sannu ba ta hana zuwa.

Wanda ya shiga kasuwar Kafancan ko ta Kaciya lokacin kakar citta ya dubi ɗan dako. Shi kaɗai yake tafiya da buhu, ba mai raba masa nauyi. Amma wajen azawa sai an kama masa, wajen saukewa ma sai ya kira wani, ba kuwa wanda ya taɓa ce masa rago don haka. Mai ɗaga ƙarfe ya yi koyi da shi. Allah ya ƙara wa samarinmu lafiya, ya kiyashe su da haɗari, amin.