Hisabin Ɓoye Magana: Abin Da Wani Almajiri Ya Koyo A Wudil

Godiya ta tabbata ga Allah masanin fili da ɓoye, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya ku malamai da fatake, ku sani akwai wani fanni da Larabawa ke kira ta'amiya, watau sauya rubutu yadda babu mai iya karanta shi sai wanda aka nufa. Mutane da yawa in sun ji labarinsa sai su zaci tsibbu ne. Labudda ba haka ba ne. Ƙidaya ce tsantsa, kuma ita ke tsaron kuɗin duk wanda ya sayar da sa a karar Wudil ran Juma'a aka biya shi ta waya.

Wani almajirina, bayan ya sauke ya haddace, ya bi karatun boko har ya shiga sashen lissafi a jami'ar kimiyya da fasaha ta nan Wudil, wadda aka buɗe a 2001, yanzu kuwa ake kiranta da sunan Aliko Dangote. Da mahaifinsa ya ji ana koya masa "ilmin sirri", sai hankalinsa ya tashi, ya yi niyyar cire shi. Muka zaunar da yaron, ya bayyana mana karatun daki-daki, uban ya bar shi ya ci gaba. Ga abin da ya koya mana.

Darasin farko bai ba shi wuya ba, gama tun a makarantar allo ya san hisabin abajada: alu ɗaya, ba biyu, jim uku, dal huɗu. Aka nuna musu dabarar da ake jingina wa Kaisar na Rum, watau a gusar da kowane harafi taki uku. Alu ya zama dal, ba ya zama ha, in an kai ƙarshen haruffa 28 a kewayo farko. Wannan kewayawa ita ce ginshiƙin fannin duka, ana ce da ita lissafin saura. Kowane ɗan kasuwa yana yin sa bai sani ba. In ka yi wa mutum alkawarin kwana 100 daga ran Juma'a, ka zubar da bakwai-bakwai har sau 14, saura biyu, ka san ran Lahadi ke nan.

Amma wannan kulle ba shi da ƙarfi, kuma wanda ya fara rubuta yadda ake karya irinsa Musulmi ne, shi ne Ya'aƙubu bin Is'haƙu Alkindi, wanda ya zauna a Bagadaza zamanin Abbasawa, fiye da shekara dubu da ɗari da suka wuce. Ya lura cewa haruffa ba su zuwa daidai wa daida a cikin magana. A Larabci alu da lam sun fi kowane harafi yawa. Saboda haka in an ba ka ɓoyayyiyar takarda, ka ƙirga alamar da ta fi maimaituwa, mai yiwuwa ita ce alu, mai bi mata kuma lam, da haka har asiri ya tonu. Risalar tasa ta daɗe a ajiye a wani ɗakin littattafai a Istambul, sai a 1987 aka buga ta a Dimashƙa. Almajirin nan ya ce a wannan darasi ya tsere wa abokansa, domin wanda ya zauna gaban alaramma yana koyon sau nawa kalma kaza ta zo a Alƙur'ani, ƙirga haruffa ba baƙon abu ba ne a gare shi.

Mu ma ƙasarmu ba a bar ta a baya ba wajen hisabi. Shehu Muhammadu bin Muhammadu Alfulani Alkashinawi, mutumin Katsina, ya wallafa littafi kan yadda ake gina hatimi, irin mai gida tara ɗin nan da ko ta ina ka haɗa layinsa 15 za ka samu. Ya rasu a Alƙahira a 1741, har yau masu tarihin lissafi suna ambatonsa. Sai dai a rarrabe. Abin da wasu ke nema da hatimi daban, ƙa'idar jera lambobinsa daban, ita kuwa ƙa'idar ko wa ya gwada ta amsa ɗaya zai samu.

Inda yaron ya sha wuya shi ne darasin mabuɗi biyu. Ya ce ya yi makonni kansa bai ɗauka ba, gama a saninmu mabuɗin da ya kulle ƙofa shi ke buɗe ta. A 1977 wasu masana uku a Amurka, Rivest da Shamir da Adleman, suka fito da hanyar da mabuɗin kullewa daban ne, ana iya shelanta shi a kasuwa, na buɗewa kuma daban, yana wurin mai shi kaɗai. Misalinsa kamar attajiri ne ya rarraba wa fatake kwaɗo a buɗe, kowa ya zuba saƙo a akwati ya danna, amma ɗan makullin yana aljihunsa.

Asirin abin yana cikin lambobin da ba su rabuwa sai da ɗaya ko da kansu, kamar 3 da 11 da 89. In an ce ka ninka 89 sau 97, nan da nan za ka ce 8633. In kuwa 8633 aka ba ka aka ce ka nemo iyayenta biyu, sai ka yi ta gwaji. Gauraya gero da yashi ba wuya, tsince su ne aiki.

Ga ƙaramin misalin da ya rubuta mana a allo. Ɗauki 3 da 11, ninkinsu 33. Mabuɗin fili shi ne 33 da 3, na ɓoye kuwa 7. Kana son aika dal, watau 4. Ka jera 4 sau uku ka ninka su, 64 ke nan. Zubar da 33, saura 31, ita za ka aika. Mai karɓa ya jera 31 sau bakwai ya ninka, yana zubar da 33-33, abin da zai rage masa 4 ne, dal ta komo. Ba wanda zai gano 7 ɗin nan sai ya san iyayen 33. A nan abu ne mai sauƙi, amma lambar da ake aiki da ita a zahiri takan kai gida 617. A 2020 masana suka haɗa kwamfutoci masu yawa kafin su farke wadda take da gida 250 kaɗai.

To, ya ku fatake, ga abin lura. Kullen yana da ƙarfi, shi ya sa ɓarawo ba ya wahalar da kansa da karya shi, sai ya zo wa mai mabuɗin. Zai kira ka a waya da taushin murya ya ce daga banki yake, ka karanto masa lambar sirrin katinka ko wadda aka turo maka yanzu. Duk wanda ya nemi wannan, ka kashe wayarka. Kada ka rubuta lambar a bayan kati, kada ka faɗe ta da ƙarfi gaban mai POS a tsakiyar kasuwa. In bera na da sata, daddawa ma na da wari.

Ku kuma 'yan'uwana malamai, kada mu yi gaggawar hukunta ilmin da ba mu tambayi ma'abotansa ba. Tsare amana da dukiyar jama'a abu ne da shari'a ta yi umarni da shi, wannan hisabi kuwa hanya ce ta tsare su, kuma magabatanmu suna cikin waɗanda suka aza harsashinsa. Yaron da allo ya horar da shi ga haƙuri da ƙirga da kiyaye wasali, ya riga ya sami rabin guzurin wannan tafiya. In Allah ya ba ku mai kaifin ƙwaƙwalwa, ku ƙarfafa masa bayan ya kyautata karatunsa na addini.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu. Amin. Wassalamu.