Sukuwar babur mara birki: yadda ta rasa fili a Ingila

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titi wajen rijiyar Kusugu ranar da ake kai amarya a Daura ya san yadda samarinmu ke son babur. Wannan ya ɗaga ƙafar gaba, wancan ya kwantar da Boxer a kwana har gwiwarsa ta kusa shafar ƙasa, tsofaffi na salati, yara na shewa. Ganganci muke kiran abin, kuma ganganci ne, domin titin na kowa ne: ga mai tura kurar ruwa, ga almajiri, ga tsohuwa da ta fito cefane. Amma akwai ƙasashen da suka kama wannan zafin jini suka killace shi a fili, suka yi masa doka da alƙali da kofi, har ya zama sana'a. Masu wasan na kiransa sifidiwe. A Ingila ya taɓa cika Wembley, filin da duk mai zuwa gidan kallon ƙwallo ya sani. Yau ko fili ɗaya ba a yinsa a cikin birnin Landan.

Babur ɗin ba irin namu ba ne. Ba shi da birki, giyarsa ɗaya ce tak, injinsa mai silinda ɗaya ne, girman cc 500, kuma ba fetur yake sha ba, wani sinadari ne da ake kira metanol. Filin kuwa zagaye ne mai siffar ƙwai, tsawonsa tsakanin mita 260 da 425, ba kwalta, sai ƙasa da niƙaƙƙen dutse. Mahaya huɗu ke tashi tare, su zaga sau huɗu suna karkata hagu, cikin kamar minti ɗaya an gama. Na farko maki 3, na biyu 2, na uku 1, na ƙarshe ya tashi a tutar babu. Tunda babu birki, in mahayi ya iso kwana sai ya saki bayan babur ya zame gefe, ya dasa ƙafar hagu a ƙasa, wadda aka sa wa takalmi mai tafin ƙarfe, tsakuwa na feshi a bayansa. Wanda ya ga mai doki ya sako a guje ranar hawan sallah, ya ja linzami a gaban Sarki, doki ya turje ƙura ta tashi, ya san irin bugun zuciyar da ake nema.

Akasari ana danganta farkon wasan da garin West Maitland na Ostareliya, inda wani mai shirya wasanni, Johnnie Hoskins, ya sa aka yi tseren a watan Disamba na 1923. Wasan ya iso Ingila a Fabrairun 1928, a wani wuri da ake kira High Beech, kuma kafin shekarar ta ƙare filaye sun bazu a birane. A 1936 aka yi gasar duniya ta farko a Wembley, Lionel Van Praag ɗan Ostareliya ya cinye. Bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da ma'aikatan masana'antu ke ƙishirwar abin nishaɗi, dubun dubatar mutane ke zuwa kallon wasan mako-mako na ƙungiyar Wembley.

Faɗuwar farko ba ta daɗe da zuwa ba. Gwamnati ta ɗora haraji mai nauyi a kan kuɗin shiga wuraren nishaɗi, sannan talabijin ta shiga gidaje a shekarun 1950, mutum ya ga ba sai ya fita cikin sanyi ba. Filaye suka yi ta rufewa. Ƙungiyar Wembley kanta ta daina a 1957, bayan rasuwar Arthur Elvin, mutumin da ke riƙe da filin. Zuwa ƙarshen waɗannan shekaru, ƙungiyoyin babbar gasa ba su wuce goma ba. Wasan ya farfaɗo daga 1965, ya sake cin kasuwa a shekarun 1970, zamanin Ivan Mauger ɗan New Zealand wanda ya zama zakaran duniya sau 6. Abin lura shi ne, talabijin ɗin da ta kwashe masa 'yan kallo ita ce ta dawo da su, saboda tashar ITV na nuna shi kyauta ranar Asabar da rana. A 1981 mutum fiye da 90,000 suka ga Bruce Penhall ɗan Amurka ya ci gasar duniya a Wembley. Daga ranar ba a ƙara yin gasar a can ba.

Mutane kan ce zamani ne ya juya, matasa sun koma kan waya da ƙwallon Firimiya. Akwai gaskiya a ciki, amma a ganina ba nan gizo ke saƙa ba. Babban abin da ya ci wasan nan shi ne zaman haya. Yawancin ƙungiyoyin ba su taɓa mallakar filin da suke wasa ba. Filayen na masu tseren karnuka ne, 'yan babur suna raɓe da su dare ɗaya a mako. Da tseren karnuka ya yi sanyi, ƙasa kuma ta yi tsada a cikin birane, mai fili ya buga lissafi ya ga abin da zai samu in ya sayar wa masu gina gidaje ya ninka kuɗin haya nesa ba kusa ba. Kayan aro ba ya rufe katara. A Landan, ƙungiyar baburan West Ham ta tafi a 1972. White City ta daina a 1978. Hackney ta bi a 1996. Wimbledon, ta ƙarshe a Landan, ta rufe a 2005, yanzu gidaje ne da filin ƙwallo a wurin. Bayan Landan ma haka: Cradley Heath ta rasa filinta a 1995, Coventry bayan kakar 2016. A ƙarshen 2023 biyu suka tafi tare: Peterborough, saboda ana son gina gidaje a filin, da Wolverhampton, wadda tarihinta a nata filin ya faro tun 1928, saboda kamfanin da ya mallaki wurin ya ƙi sabunta mata haya. Da yawa cikin waɗannan ƙungiyoyi suna da magoya baya har ranar da aka sa wa ƙofa kwaɗo.

Wanda aka kora kuma ba ya samun wurin sauka cikin sauƙi. Babur ɗin yana da ƙara, yana tayar da ƙura, ga cunkoson motoci da dare. Filin da aka gina a bayan gari shekaru tamanin da suka wuce, yau gari ya cim masa ya kewaye shi, sababbin maƙwabta na kai ƙara hukuma. Neman izinin gina sabo kuwa sai a yi shekaru ana kai da komo.

Su ma masu tafiyar da wasan suna da nasu laifin. Manyan mahaya ba na ƙungiya ɗaya ba ne: mutum guda ya hau a Poland ranar Lahadi, a Ingila ranar Litinin, a Suwidin ranar Talata. Don a same su, sai babbar gasar Ingila ta koma Litinin da Alhamis, ta bar daren Asabar, lokacin da uba ke iya riƙo hannun 'ya'yansa su zo. In mahayi ya ji rauni ko ya yi tafiya, doka ta yarda a aro wani daga ƙungiyar hamayya ya maye gurbinsa na dare ɗaya. Ku dubi wannan da idon mai kallon dambe: wanda ya daki ɗan wasanku makon jiya, yau shi ne a ɓangarenku, jibi ya koma. Wa za a yi wa kirari? Ga ruwan sama da ke sa a ɗage wasa bayan mutane sun riga sun iso. Tun da shirin ITV ya tsaya a 1985, daga baya wasan ya koma tashoshin da sai an biya, yaron da ba a haife shi a gidan masoya wasan ba da wuya ya ci karo da shi.

Shiga sana'ar ma akwai tsada. Ƙwallo ɗaya ta ishi yara ashirin a lungu. Nan kuwa kowane mahayi na bukatar babura fiye da ɗaya, da makaniki, da motar ɗaukar kaya, da gyaran inji a kai a kai. Haɗarin kuma ba wasa ba ne. Lee Richardson ɗan Ingila ya rasu bayan faɗuwa a gasa a Poland a 2012, Darcy Ward ɗan Ostareliya kuma ya samu raunin ƙashin baya a can a 2015, bai sake hawa ba.

Poland ce ke nuna cewa ba wasan ne ya tsufa ba. A can yawancin filayen na hukumar gari ne, ba na ɗan kasuwar da zai tashi wata rana ya sayar ba. Birnin Torun ya buɗe sabon fili a 2009, gasar ƙasar ita ce mafi kuɗi a duniya, kuma ɗansu Bartosz Zmarzlik ya zama zakaran duniya sau 5 tsakanin 2019 da 2024. Babur iri ɗaya, doka ɗaya, haɗari ɗaya. A Ingila ma an ga haka a Oxford: an daina wasa a 2007, hukumar birnin ta hana a rushe filin a gina gidaje, sai ga babura sun dawo a 2022.

Abin da ya sa labarin ya tsaya mini a rai shi ne mu ma muna da wasannin da ke zaman raɓe: dambe, kokawa, sukuwar dawaki, har ƙwallon unguwa, waɗanda ake yi a filin da gobe za a iya yanka shi fuloti-fuloti. Rijiyar Kusugu tana nan tun zamanin da ake ba da labarin Bayajidda da Daurama saboda tana da mai ita; an kewaye ta, an yi mata gini, ba wanda zai zo da takarda ya ce ya saya. Samarinmu masu babur ba su da ko taƙi ɗaya da aka ware musu, shi ya sa titin jama'a ya zama fagensu, da duk abin da hakan ke jawowa na karaya da asarar rai. In wata rana aka yi niyyar killace abin, na fi son a fara da takardar fili kafin a yi maganar kofi.

A inda filin West Ham yake dā, a gabashin Landan, yanzu rukunin gidaje ne. An sa wa titunan unguwar sunayen mutanen wasan, ɗaya daga cikinsu kuma sunan Hoskins yake ɗauke da shi, mutumin nan na West Maitland.