Hoton Sa Hannu Daban, Sa Hannun Dijital Daban

A ofisoshi da dama, idan takarda ta zo ta kwamfuta, sai a ɗauko hoton sa hannun maigida a manna a ƙasan fayil ɗin PDF, a ce an yi sa hannun dijital. Masu wannan fahimta ba su rasa madafa ba: tun tale-tale da ido ake gane hannun mutum, kuma Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 ta amince da sa hannu ta na'ura. Sai dai hoton ba ya tsare komai. Duk wanda fayil ɗin ya faɗa hannunsa yana iya yanko shi ya liƙa a wata takardar, ko ya mayar da naira 100,000 ta koma 900,000, hoton kuwa yana nan daram.

Tsaron bayanai a kan ginshiƙai uku yake: kada bare ya gani, kada a sauya, kuma a samu a lokacin buƙata. Na biyun ne aikin sa hannun dijital, tare da tabbatar da wanda ya aiko, don kada gobe ya ce ba shi ba ne.

Whitfield Diffie da Martin Hellman ne suka kawo tunanin sa hannun dijital a 1976, tsarin RSA ya biyo baya a 1977. Mutum yana da mabuɗi biyu, na sirri da na bainar jama'a. Kwamfuta takan tace takardar gaba ɗaya ta fitar da gajeren jerin lambobi, ta hanyar lissafi irin SHA-256, sannan mabuɗin sirri ya buga wa jerin hatimi. Mai karɓa ya sake lissafin, ya gwada da mabuɗin jama'a. Ko waƙafi ɗaya aka taɓa, lambobin ba za su dace ba, manhaja ta yi gargaɗi. Da haka wayar Android take ƙin sabunta manhaja idan sa hannun ba na mai manhajar ba ne.

Sa hannun dijital ma yana da iyaka. Ba ya ɓoye abin da ke cikin takarda, kuma idan aka sace mabuɗin sirri, ɓarawo ya zama mai gida. A 2010 an gano ƙwayar cutar kwamfuta ta Stuxnet ɗauke da sa hannun kamfanin Realtek da aka sato. Don haka wanda aka aiko wa takardar kuɗi ko kwangila, ya buɗe sashen sa hannu a manhajarsa ya duba sunan mai shi, da hukumar da ta ba shi shaida, kafin ya biya ko sisi.