Ina Takin Sufan Bara Ya Shiga?

Manomin dawa ko masara a ƙasar Rijau ya kan ɗauka duk takin da ya zuba bara ya ƙare tare da damina. Game da yuriya yana da gaskiya, domin ruwa na wanke ta. Amma sinadarin fosfaras da ke cikin sufa da kamfa halinsa daban ne. Shuka ba ta cika shan fiye da kashi ɗaya cikin huɗu nasa a shekarar farko ba. Sauran yana nan, ya maƙale wa sinadaran ƙarfe da alminiyam na cikin ƙasa, waɗanda jar ƙasa ta fi yawansu.

Ko ƙasar za ta sake shi daga baya? Wannan ya danganta da irin riƙon da aka yi wa gonar shekara da shekaru. A Samaru ta Zariya, inda Cibiyar Binciken Aikin Gona take, an buɗe filin gwaji a 1950, bisa tsarin na Rothamsted a Ingila da aka fara tun 1843. Wasu fulotai aka riƙa ba su kashin shanu, wasu takin zamani, wasu duka biyun, wasu kuma ba a ba su komai ba. Bayan gomman shekaru, fulotan da aka haɗa wa biyun su suka fi riƙe ƙarfinsu. Ruɓaɓɓen taki na tare guraben da fosfaras ke maƙalewa, sai ya sami sararin isa ga saiwa. Takin naitirojin zalla kuwa, in aka daɗe a kansa, tsami yake sa wa ƙasa, kuma ƙasa mai tsami ta fi ƙanƙame fosfaras.

Don haka in ka ga ƙaramar masara ta tsumbure, gefen ganyenta ya yi ja-ja, kada ka ruga sayo yuriya don ita ce mai saurin sa kore. Ba ita gonar ke nema ba, fosfaras take nema. A ganina, barin Fulani su yi mashekari a gona da rani, abin da iyayenmu suka saba, ya fi ƙarin buhu ɗaya amfani.

Sai dai ajiyar fosfaras ɗin nan a saman ƙasa take, inda zaizaya ke fara kwashewa. Manoma, a binne sufa kusa da gindin shuka, a yi kunya a gicciyen gangare, a tuntuɓi malamin gona kan gwajin ƙasa kafin a sayi takin bana.