Hanyoyin Rage Asarar Alkama Wajen Girbi da Inji

Tun da aka gama ginin madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, noman alkama na rani ya sami gindin zama a Kadawa da kewayenta. Ana shuka ta cikin watan Nuwamba ko farkon Disamba domin ta ci moriyar sanyin hunturu, ta nuna wajen watan Maris. A manyan gonaki, aikin da mutane da yawa kan kwana biyu suna yi da lauje da sanda, inji guda ne ke gama shi a tafi ɗaya, watau ya yanka, ya sussuke, ya sheƙe. Sai dai abin da injin ya zubar ba zangarniya ba ce da masu kala za su tsinta, ƙwayoyi ne warwatse cikin ƙasa da ƙaiƙayi, waɗanda ido ba ya lura da su.

Saboda haka matakin farko shi ne awo. Nauyin ƙwayar alkama 1,000 yakan kai kimanin giram 40. Ke nan idan aka ƙirga ƙwaya 250 a cikin murabba'in mita ɗaya, an yi asarar giram 10 a wurin, wanda ya kama kilo 100 a hekta, watau buhu guda cur. Ya kamata a yi ƙirgar a wuri uku: inda injin bai shiga ba tukuna, domin a san ɓarnar tsuntsu da iska, sa'an nan a tsayar da shi, a ja shi baya kaɗan, a ƙirga inda bakinsa kaɗai ya wuce, daga ƙarshe a ƙirga a bayansa. Amma a tuna, bakin injin ya fi bayansa faɗi nesa ba kusa ba, don haka abin da ya fito ta baya na faɗin bakin duka ne aka tara a siririn layi, dole a raba lissafin daidai da haka.

Sau da yawa a bakin ne asara ta fi yawa. Alkamar da aka bari ta wuce lokaci cikin zafin bazara takan bushe ƙayau, da an taɓa zangarniya sai ta zube. Sandunan nan masu juyawa da ke karkato ta zuwa wuƙa, aikinsu rarrashi ne. Gudunsu ya ɗara tafiyar injin da kamar kashi ɗaya cikin huɗu kurum, in ya wuce haka sosai sun fara sussuka tun hatsi bai shiga ciki ba. Wuƙa mai dakushi kuwa girgiza kara take yi kafin ta yanke shi. Ga kuma kunyoyin fangali, waɗanda ke sa bakin tashi da sauka, yana tsallake alkamar da ta kwanta.

A cikin injin, gangar sussuka in ta yi gudu da yawa takan farfasa ƙwaya, in ta yi sanyi ta bar ta jikin zangarniya. Haka fanka: iska mai ƙarfi ta kwashe hatsi tare da ƙaiƙayi, mai rauni kuma ta bar ƙaiƙayi ya toshe rariya, hatsi ya bi ta kansa ya fice. Gyara ɗaya ake yi a lokaci guda, a sake ƙirga, in ba haka ba ba za a san wanda ya yi amfani ba. Gyaran safe, sa'ad da karan ke da ɗan laushi, ba lalle ne ya dace da azahar ba.

Akwai wani dalili da ba na ƙarfe ba. Inda ake biyan mai inji bisa yawan hektar da ya girbe, ribarsa tana cikin sauri, alhali kuwa sauri shi ke cusa wa injin kara fiye da abin da zai iya tacewa, har asara ta riɓanya. Malamin gona ko jami'in da ke rattaba hannu a kan yarjejeniyar haya yana iya sa iyakar asarar da za a yarda da ita cikin takardar, a kuma ƙirga ƙwayoyin a gaban mai gona da direba kafin a gama kewayen farko.