Bas ɗin Wali da Amanar Ɗan Majalisa

Tun da mutanen Hartum suka fara komawa gidajensu, bayan da sojojin Sudan suka sake karɓe birnin a watan Maris na 2025, mas'alar abin hawa ta dawo bakin jama'a, daga tashar Jakson har zuwa tashar Shuhada ta Umdurman. Kuma maganar da ake ta maimaitawa ita ce, da za a sami shugaba mai himma wanda zai sayo motoci masu yawa, to da wahala ta ƙare. Wannan zato shi ne abin da ya dame ni, domin kuwa an riga an jarraba shi, an kuma ga aƙibarsa.

A zamanin Abdurrahman al-Khidir, wanda ya riƙe jihar Hartum daga 2009 zuwa 2015, an shigo da manyan motoci waɗanda talakawa suka laƙaba wa suna bas ɗin Wali, wato na gwamna, aka karɓe su da murna. Amma ba a yi shekaru da yawa ba sai ga da dama daga cikinsu a jibge saboda rashin kayan gyara, jama'a kuwa suka koma rububin ƙananan ababen hawa irin su hafila da Amjad da raksha kamar yadda suka saba. Kafin wannan ma, birnin ya taɓa mallakar jirgin tiram na lantarki, wanda ke haye gadar Farin Nilu da aka buɗe a 1928 ya shiga Umdurman, sa'an nan aka daina aiki da shi a 1962.

Haƙiƙanin al'amarin shi ne, sayen mota kamar sayen doki ne: kuɗinsa rana ɗaya ake biya, amma harawa da dawa da kanwa kullum ne, kuma wanda bai tanade su ba, ramammen doki zai tarar a turke. Haka nan mai gidan ƙasa ya san cewa yaɓen da ake yi kafin damina shi ke riƙe soro. Rijiya kuma, komai zurfinta, in ba a yashe ta, sai ta cike.

A nan ne wajibin ɗan majalisar jiha yake. Aikinsa na asali shi ne ya zauna a kan kasafin kuɗi layi bayan layi, ya tambayi nawa aka ware wa taya da mai da albashin bakanike, ya nemi hisabin motocin bara kafin ya yarda a sayo na bana. Aiki ne marar kiɗa, wanda ba a yanka masa ƙyalle, shi ya sa masu son a gan su suke guje masa. Alhali kuwa tun da aka rushe majalisun dokoki a Afrilun 2019, jihar ta rasa zaɓaɓɓen wakilin da zai yi wannan tambaya.

Yanzu da gadar Shambat, wadda ta haɗa Umdurman da Bahri, ta karye tun Nuwamban 2023, lalle za a yi gine-gine da saye-saye masu yawa. Nasihata ga jama'a ita ce, ranar da Allah ya dawo da zaɓe, su tambayi mai neman wakilcinsu yadda zai kiyaye abin da aka saya da dukiyarsu, domin amana a wajen riƙo ake gane ta.