Farfaɗiya: Yadda Masana Suka Gano Magungunanta

A makarantu da yawa, idan ɗalibi ya yanke jiki ya faɗi yana karkarwa, kumfa na fita daga bakinsa, sai ka ga 'yan aji sun watse, kowa na gudun kada yawunsa ya taɓa shi. Wannan tsoro ba shi da tushe. Ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu ko numfashi. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kuma yana da magani.

Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ne ta hanyar ɗan ƙaramin lantarki, bi da bi cikin tsari. Idan tarin ƙwayoyi suka saki lantarkinsu lokaci guda, sai tsarin ya rikice, mutum ya faɗi, ko ya yi zuru na 'yan daƙiƙoƙi. A 1929 wani likita Bajamushe, Hans Berger, ya bayyana na'urar da ke zana wannan lantarki a takarda. Rauni a ka, wahalar haihuwa, sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa duk suna iya jawo ciwon.

Magungunan farko kusan tsintuwa aka yi. A 1857 Charles Locock, wani likita a Landan, ya ba da labarin cewa gishirin buromayid yana rage faɗuwa, sai dai yana kawo kasala da ƙuraje. A 1912 kuma Alfred Hauptmann, wani matashin likita a Jamus, ya ba masu farfaɗiya maganin barci mai suna fenobabital don su samu hutu da dare. Sai ya lura faɗuwar tasu ta ragu, dare da rana.

Bincike mai tsari ya zo ne daga Amurka. A birnin Boston, Houston Merritt da Tracy Putnam suka riƙa sa wa kyanwoyi lantarki a ka har su yi farfaɗiya, sannan su gwada magunguna ɗaya bayan ɗaya, su ga wanda zai hana. Ta haka, a 1938, suka tabbatar da amfanin fenitoyin, wanda ke tsayar da ciwon ba tare da sa barci mai nauyi ba. Duk da haka tsintuwa ba ta ƙare ba. A 1962, a Faransa, masu bincike suka lura duk maganin da suka narkar a cikin wani ruwa yana hana farfaɗiya. Ashe ruwan narkarwar ne maganin, wato balfurowet. Daga baya aka gano yana iya nakasa ɗan tayi, don haka likitoci ke kaffa-kaffa wajen ba mata masu shekarun haihuwa.

To, ina aka kwana? A shekarar 2000 Patrick Kwan da Martin Brodie suka buga binciken da suka yi a Gilasgo ta ƙasar Sikotilan. Kashi 47 cikin 100 na sababbin marasa lafiya sun daina faɗuwa da maganin farko, amma kusan kashi ɗaya bisa uku na dukkan waɗanda aka duba ciwonsu ya ƙi jin magani. Da aka sake dubawa a 2018, bayan fitowar sababbin magunguna masu yawa, lissafin bai canja sosai ba. Kan waɗannan mutane masana suka duƙufa a yau.

Sai dai akwai babbar matsala da ba ta ɗakin bincike ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 50 ke da farfaɗiya, kuma kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa in sun samu kulawa. Amma a ƙasashe matalauta, uku cikin huɗu ba sa samun maganin da suke bukata, alhali fenobabital mai araha ne.

Saboda haka malamai da ɗalibai suna da aikin yi. In wani ya faɗi, a janye shi daga wuta ko ruwa, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali ko a ɗura masa komai. In karkarwar ta wuce minti 5, a garzaya asibiti. Wanda aka ɗora wa magani ya sha kullum, kada ya daina sai da izinin likita, domin yankewa farat ɗaya kan dawo da ciwon da ƙarfi. Sannan a bar shi ya koma aji ya ci gaba da karatunsa.